Yadda dutsen Kalambaina ya sami shekarunsa

Mutanen Sakkwato sun san Kalambaina da siminti. Masana duwatsu kuwa da sunanta suke kiran shimfiɗar farin dutsen da ake haƙa a can, wanda ya kwanta a ƙarƙashin wata teku marar zurfi da ta taɓa ratsa Sahara. Haka aka yi wa sauran shimfiɗun yankin, kowacce aka raɗa mata sunan garin da ta fi bayyana a kusa da shi. Daga ƙasa zuwa sama akwai Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, har a kai Gwandu. Wannan jeri yana faɗa mana wacce ta riga wacce kwanciya, amma ba ya faɗa mana dutsen Dukamaje sa'an wane dutse ne a Masar ko a Faransa. Kai, ko da aka ƙetare iyaka zuwa Nijar, inda shimfiɗun suka zarce, an ba su wasu sunaye dabam.

Ma'aunin da ake gwada kowa da shi daga Turai ya fito, kuma shi ma da yawa daga cikin sunayensa na garuruwa ne. A 1849 wani masani ɗan Beljiyam, André Dumont, ya raɗa wa wani zamani sunan Mastirit, wani gari a Holan mai tuddan alli. A cikin wannan allin ne aka fara tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku. Daga baya aka tono danginsa a shimfiɗar Dukamaje, har aka sa wa ɗaya sunan Goronyo. Irin wannan shaida, tare da bawon wasu halittun teku masu naɗi kamar na dodon koɗi, ita ta tabbatar cewa Dukamaje da allin Mastirit 'yan zamani ɗaya ne.

Kalambaina ta fi ba da wahala. Turawan farko da suka auna ƙasar Arewa, a zamanin da J. D. Falconer ya fitar da littafinsa na 1911, sun sanya farin dutsen a zamanin Iyosin. Sai da aka koma ga burbushin ƙananan halittu, waɗanda ba a gani sai da madubin ƙara girma, sannan aka mayar da shi baya zuwa Faliyosin. Dutsen bai motsa ba, shekarunsa ne suka ƙaru da miliyoyi. Ban ga laifin na farkon ba sosai, domin ma'aunin da ke hannunsu shi kansa a karkace yake. Da yawa daga cikin zamunan an siffanta su ne da duwatsun garin da ya ba su suna, kuma duwatsun wannan gari ba sa tsayawa daidai inda na wancan suka fara. Wani wuri sai a sami giɓi, wani wuri sunaye biyu su hau kan juna.

Maganin da aka amince da shi shi ne a daina siffanta zamani da ilahirin dutse, a koma ga maki guda. A 1972, a babban taron masana duwatsu na duniya a Kanada, aka zaɓi wani tudu mai suna Klonk kusa da birnin Firag, aka ce daga shimfiɗar da wata halitta takamaimiya ta fara bayyana, nan zamanin Difoniyan ya fara ga duniya baki ɗaya. Ana yi wa irin wannan maki laƙabi da ƙusar zinariya. Makin da ya fi shafar Sakkwato yana kusa da garin Al-Kaf a Tunisiya, an tabbatar da shi a 1991. Wani siririn layin yumɓu ne mai ɗauke da sinadarin iridiyam fiye da ƙima, alamar dutsen da ya faɗo daga sama shekaru miliyan 66 da suka wuce. Ƙasan layin Mastirit ne, samansa Faliyosin.

Idan aka ɗora wannan a kan jerinmu, layin zai faɗa tsakanin Wurno da Dange. To amma a daidai nan teku ta janye na ɗan lokaci kafin ta dawo, kwanciyar laka ta katse, don haka masanin da ke aiki a Sakkwato yakan gane iyakar ne ta hanyar halittun da ke ƙasa da waɗanda ke sama, ya ƙiyasta abin da ya ɓace a tsakani.

Shi kuwa zamanin Mastirit, da aka zo kafa masa ƙusarsa a 2001, ba a kafa ta a Mastirit ba. An kai ta wani ramin haƙar dutse a Tercis, kudu maso yammacin Faransa, inda shimfiɗun farkon zamanin suka fi cika.