Makunnin mota: yadda ake gano inda wuta ta yanke

Makunnin mota kashi biyu ne: ramin da mukulli ke juyawa a ciki, da kuma suwic ɗin da ke bayansa, wanda ke raba wutar batir zuwa sassan mota. A yawancin motoci yana da matsayi huɗu: LOCK, ACC, ON da START.

Ƙwararren rewaya ba ya fara zargin makunni. Batir yake fara aunawa, wanda ya kamata ya nuna kusan bolt 12.6 idan yana cike, sannan fiyus. Idan fitilun dashbod suka kama amma aka ji ƙarar "kas" kaɗai a START, galibi laifin batir ne ko sitata. Idan kuwa fitilun suna lumshewa yayin da aka girgiza mukulli, ko injin ya mutu ana tafiya, mai yiwuwa suwic ɗin ne ya cinye. Alamar mukulli mai walƙiya tana nufin na'urar hana sata ba ta karanta ƙwayar da ke kan mukullin ba. Wasu kan haɗa waya kai tsaye, araha ce da ke sauƙaƙa wa ɓarawo aiki.

Lamarin ya wuce jinkirin tafiya. A 2014 kamfanin General Motors ya janye motoci kusan miliyan 2.6, ciki har da Chevrolet Cobalt, saboda makunnin kan zame daga ON ana gudu, sitiyari ya yi nauyi, jakar iska ta ƙi buɗewa. Asusun diyyar kamfanin ya amince da mutuwar mutum 124. Mai sayen tokumbo daga Amurka yana iya duba lambar VIN a shafin hukumar NHTSA, ya ga ko an yi gyaran.