Mura Ta Tafi, Ƙarfi Bai Dawo Ba

A watan Satumba na 1918 annobar murar da ake kira Marisuwa ta sauka Legas, ta biyo layin dogo zuwa Arewa, ta kashe wajen mutum 500,000 a Najeriya. Kafanchan ba ta zama mahaɗar jirgin ƙasa ba tukuna, sai a 1927. A wancan zamani matattu ake ƙirgawa. Wanda ya tashi daga mura amma cinyoyinsa suka kasa ɗaukarsa, babu gwajin da zai nuna abin da ke cin tsokarsa.

Likitocin Jamus sun riga sun ga ciwon. Ernst Wagner ya bayyana kumburin tsoka a 1863, Heinrich Unverricht kuma ya haɗa shi da ƙurajen fata a 1887. Sun san kamanninsa, ba su san tushensa ba, balle maganinsa. Sauƙi ya fara zuwa ne bayan 1948, lokacin da Philip Hench ya gwada kotizon a Amurka, maganin da ke kwantar da garkuwar jiki idan ta fusata.

Alaƙar ciwon tsoka da mura ta fito fili a 1957. Wani likita a Suwidin, Lundberg, ya ba da labarin yaran da suka ƙi taka ƙasa bayan zazzaɓin mura saboda ciwon sha-raɓa. Irin wannan na yara yakan wuce da kansa cikin mako guda. Akwai kuma mai nacin, wanda ke ɗaukar watanni yana tsotse ƙarfin mutum. A 1975 likitoci Bohan da Peter suka shimfiɗa ƙa'idojin gane shi: raunin kafaɗu da cinyoyi na dama da hagu, hauhawar sinadarin tsoka a jini, gwajin lantarki, duba ɗan yankin tsoka, da ƙurajen fata. A 1980 aka gano anti-Jo-1, wani makami da sojojin jiki ke ƙerawa su juya shi kan mai jikin.

Babban haske ya zo daga Japan tsakanin 2005 da 2009. An gano cewa a wasu majinyata garkuwar jiki tana yaƙar wani furotin mai suna MDA5. Aikin furotin nan gadi ne: shi ke hango ƙwayar bairas idan ta shigo, ya yi kururuwa. Wato ɓarawo ya shiga gida, aka taso, aka rufe maigadi da duka. Ana cikin haka korona ta iso Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, ta shiga Kaduna a watan Maris. A 2024 likitocin Leeds a Ingila suka wallafa cewa masu nau'in MDA5 ɗin sun ƙaru ƙwarai a yankinsu lokacin annobar, wasu har huhunsu ya lalace. Ba kowace mura ke haifar da shi ba. Ciwon ba shi da yawa, bairas ɗin kan zama mai tayar da shi ne kawai a jikin da ke da saurin kamuwa.

To, ina wannan ilimi ya tsaya a Kudancin Kaduna? Hunturu na kawo mana mura duk shekara. Manomin citta a Kachia ya kasa miƙewa daga tsugune, uwa a Kagoro ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali, sai a ce sammu ne ko shan inna, alhali tun Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. A baƙar fata ma ƙurajen fatar ido da gaɓoɓin yatsu duhu suke yi, ba ja ba, shi ya sa ake wuce su.

Matakin farko gwajin jini ne mai suna CK, wanda ya kamata ya samu a babban asibitin Kafanchan da na Zonkwa da Kwoi, kafin a tura mutum asibitin koyarwa na Shika ko na Jos. Idan rauni ya biyo bayan mura, ko fitsari ya koma kalar shayi, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, a nufi asibiti, kada a sayi firedinisolon, dangin kotizon, a kemis. Fiye da shekara 160 aka yi kafin a fahimci ciwon nan. Bai kamata ɗan Kudancin Kaduna ya ƙara jiran wasu ba.