Dala Biyar da Baƙo a Ƙofar Gida

A ranar 5 ga Janairun 1914, kamfanin motoci na Ford da ke jihar Michigan ta Amurka ya sanar da cewa zai riƙa biyan ma'aikatansa dala biyar a rana, kusan ninki biyu na abin da suke karɓa, ya kuma rage lokacin aiki daga awa tara zuwa takwas. Kashegari dubban masu neman aiki suka yi cincirindo a ƙofar masana'antarsa ta Highland Park.

Dalilin ƙarin a fili yake. Sabon tsarin haɗa mota, inda mutum ke tsaye wuri guda yana maimaita aiki ɗaya tun safe, ya gundiri ma'aikata. A 1913 sai da kamfanin ya ɗauki mutum wajen 50,000 don cike gurabe kusan 14,000, saboda yawan masu ajiye aiki.

Sai dai kusan rabin kuɗin rabon riba ne mai sharaɗi, kuma sharaɗin yana cikin gidan ma'aikaci. Henry Ford ya kafa sashe na musamman wanda jami'ansa ke bin ma'aikata har gida ba tare da sanarwa ba. Sukan duba tsabtar ɗaki, su nemi ganin littafin ajiyar banki, su tambayi maƙwabta ko mutum na shan giya ko caca, su binciki zamansa da iyalinsa. Wanda aka samu da aibi a riƙe masa rabonsa, a ba shi wata shida ya gyara. In bai gyaru ba, a sallame shi. Yawancin ma'aikatan baƙin haure ne daga Turai, kuma mai neman abin sawa a baki ba ya korar baƙon da ubangidansa ya turo. Babu wata doka a lokacin da ta hana wannan ciniki na sayen sirri da kuɗi.

Sashen ya dusashe wajen 1921, amma leƙen bai tsaya ba. A shekarun 1930 Harry Bennett ya jagoranci rundunar 'yan leƙen asiri da ke farautar masu neman kafa ƙungiyar ƙwadago, har zuwa 1941 da kamfanin ya amince da ƙungiyar.

An daɗe kafin shari'a ta shata iyaka. A 2017 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci kan ƙarar Bogdan Barbulescu, injiniya ɗan Romaniya da aka kora bayan kamfaninsa ya karanta saƙonnin da ya aika wa ɗan'uwansa da budurwarsa ta Yahoo Messenger. Kotun ta ce ba a kare haƙƙinsa ba. A 2020 kuma hukumar kare bayanai ta Hamburg ta ci tarar kamfanin H&M sama da Yuro miliyan 35, saboda tattara bayanan rashin lafiya, matsalolin iyali da addinin ma'aikatansa a Nuremberg.

Ƙa'idar da kotun ta kafa ba ta hana sa ido ba. Ta dai wajabta a sanar da ma'aikaci tun da wuri, a nuna dalili, a kuma duba ko akwai hanyar da ta fi sauƙin kutse. Jami'in Ford, komai shisshiginsa, sai ya ƙwanƙwasa ƙofa an gan shi. Manhajar da ke cikin kwamfutar ofis ba ta yin sallama, shi ya sa sharaɗin sanarwa ya zama ginshiƙin kariyar ma'aikacin yau.