Wa Ke Tura Lilo? Daga Tsibiri Zuwa Ƙauyukan Biyetnam

A Tsibirin Gobir, da unguwannin Maradi, har Jiratawa, duk inda aka samu tsamiya ko dogon yaro mai ƙaƙƙarfan reshe, da igiyar da babu mai nemanta, to yara sun samu lilo. Ƙarami zama yake yi, yana cewa "Yaya, tura ni." Wanda ya yi wayo kuwa ba ruwansa da kowa: sai ya taka madaukin igiyar, ya durƙusa, ya miƙe, ya durƙusa, ya miƙe, kafin ka ankara kansa ya kusa taɓa ganye. Ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba, babu hannun da ya taɓa bayansa. To wa ke tura shi?

A Tsibiri, garin Inna, inda aka daɗe ana yi wa tsamiya kallon mazaunin iskoki, wannan tambaya tana da nauyinta. Amsar kuwa ta fi fitowa fili a can arewacin Biyetnam, inda lilo wasan manya ne, suna ce masa danh du.

Idan bikin sabuwar shekararsu, wato Tet, ya ƙarato, mutanen ƙauye kan saro dogayen gorori, su kafa su a fili, su haɗe kawunansu a sama su ɗaure tamau. Daga nan sai a rataya wasu gorori biyu, a gitta musu matakin katako a ƙasa. Saurayi da budurwa ne kan hau tare, suna fuskantar juna, kowa ya damƙe gora, jama'a sun yi da'ira ana kiɗa. Har yau ana yi a bikin Lim na yankin Bak Nin, ranar 13 ga watan farko na kalandarsu ta wata. Wasan ya tsufa ƙwarai. Babban kundin tarihin ƙasar ya kawo labarin cewa a 1365 mayaƙan daular Campa sun ɓuya kusa da Hoa Cau, suka jira ranar da samari da 'yan mata suka taru wajen lilo, suka afka musu suka kwashe su. Ka ga ke nan maƙiyi ma ya san ranar, ya san babu matashin da zai zauna gida.

Wanda ya zura wa masu hawan nan ido zai ga sirrin a gwiwarsu. Lokacin da lilo ya kai ƙurewarsa a sama ya ɗan dakata, jikin mahayi sakayau yake, nan yake durƙusawa ba tare da ya yi asarar wani ƙarfi mai yawa ba. Da ya gangaro tsakiya, inda gudu ya fi tsanani, jikinsa ya yi nauyi yana danna mataki, a nan yake yunƙurawa ya miƙe. Miƙewar tana cin ƙarfin cinya sosai, kuma ƙarfin ba ya ɓacewa, cikin gudun lilon yake shiga. Miƙewa tana matso da nauyin jiki kusa da maɗauri, kamar yadda dutsen majajjawa ke ƙara wuta idan an rage masa igiya. Kowane zuwa da dawowa ana ƙara kaɗan, har abin ya taru. Idan mutum biyu ne, karɓa-karɓa suke yi, wannan ya danna a tafiya, wancan ya danna a dawowa. In ƙafarsu ba ta zo ɗaya ba, lilon mutuwa yake yi a gaban jama'a. Ina ganin shi ya sa dattawan ƙauye suka yarda da shi a matsayin wurin haɗuwar matasa, kamar dandalinmu: komai a bainar jama'a ake yi.

Lokacin miƙewar ma igiya ce ke yanke shi. Tun a ƙarni na 17 Galileo ya rubuta cewa tsawon igiya ke ƙayyade lokacin kai da kawo. Lilo mai mita 2 yana zuwa ya dawo cikin kusan daƙiƙa 3, mai mita 5 kuwa daƙiƙa 4 da rabi, ko ƙato ne a kai ko siriri. Da wannan ƙa'ida Huygens ya ƙera agogonsa a 1656.

Abin yana da haɗari idan aka wuce gona da iri. A Bankok an kafa wani ƙaton lilo a 1784, tsayinsa ya haura mita 20, aka dakatar da bikinsa a 1935 bayan an yi asarar rayuka.

Abin da ke damuna shi ne, yaron Tsibiri ya iya wannan lissafi da gwiwarsa tun bai shiga lakwal ba, sannan a aji a zana masa shi a allo da Faransanci ya ga kamar baƙon abu. Malaman kimiyya na Maradi, daga ƙananan makarantu har jami'ar Dan Dikko Dankulodo, don Allah ku ɗauki igiya da agogo ku fita da ɗalibanku gindin bishiya, ku bar su su auna da kansu.