Daga tele ta samariya zuwa wayar cikin bargo

Makon jiya wata uwa daga wajen Tsernawa ta kira mu tana cewa ɗanta mai shirin jarrabawar BEPC ba ya barci sai an kusa kiran assalatu, wai yana buga Free Fire. Ta ce a zamaninsu babu irin wannan. Na ce mata Inna, kallo kam ya daɗe a ƙasar nan, wani abu ne dai ya sake.

Ku tuna, a Nijar tele da sunan karatu ta shigo. A 1964 aka fara koyar da ƴan firamare ta talabijin, da taimakon Faransa, a wasu lakwal na yankin Yamai. Sai ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, Télé Sahel ta fara watsa shiri ga kowa, aka kuma kai akwatuna masu aiki da hasken rana cikin garuruwa don kallon jama'a. Babana ya ce mini a fili ake kafa ta, manya bisa tabarma, yara a gaba cikin ƙura. In an rufe tashar, shi ke nan, kowa ya kama hanyar gida.

Namu zamanin na gidan kallo ne. Kaset na ƙetaro iyaka daga Illelar Najeriya da Sakkwato, finafinan Indiya da na Kano irin su Sangaya da Wasila. Dala biyar ko goma a bakin ƙofa, benci, zana, grup na ruri a baya. Bayan fitowar PlayStation 2 a 2000 kuma rumfunan buga ƙwallo suka biyo baya, a hankali. Kar wani sa'ana ya yi muku ƙarya, mun gudu daga lakwal, mun ci canjin cefane, mun sha bulala. Amma kuɗi na ƙarewa, mai na ƙarewa cikin grup, mai gidan kallon na jin barci. Uwa uba, an san inda muke. In magariba ta yi ba a gan ka ba, yayanka ya san ƙofar da zai tsaya ya jawo ka da kunne.

Waya ce ta kwashe duk wannan. Celtel ta fara aiki a Nijar a 2001, Orange ta zo a 2008, daga baya Android mai arha ta cika kasuwar Ƙonni. Free Fire ta fito a 2017, PUBG ta waya a 2018. Su waɗannan wasanni ba su da lokacin rufewa, an gama zagaye a shiga wani, ga abokai na jira a layi, wanda ya fita ya bar ƴan ƙungiyarsa cikin wuta. Shi ya sa in ka ce ma yaro ya ajiye yanzu-yanzu sai ka ga ransa ya ɓaci kamar ka raba shi da fada. Ko a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana kuran, na ga yara na layi wurin masu caji da sola, wayar na cika aka koma.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Sai dai ba kowane mai wasa take nufi ba. Tana nufin wanda ya kasa tsayawa, ya fifita wasan bisa karatu da ci da barci, ya ci gaba alhali yana ganin ɓarnar, har wajen shekara guda. Ƙasar Sin ta bi ta doka a 2021: ƴan ƙasa da shekara 18, awa uku a mako, Juma'a zuwa Lahadi. Mu nan babu wanda zai rufe mana, sai mu da hannunmu.

A ganina fasa waya ko duka ba ya maido da wancan lokacin tashi. Na gwada ƙwacewa. Ɗan yayata da ke zaune wurina, yana aji na uku a kolej, makinsa ya faɗi warwas bara. Na ƙwace wayar, ashe aro yake yi a fada, yana dawowa ƙarfe ɗaya na dare. Sai muka zauna muka yi ciniki: wasa bayan la'asar, a tsakar gida inda ake ganinsa, kuɗin forfe daga hannuna, ƙarfe goma kuma waya ta kwana cikin kwano a ɗakina.

Dare na uku ya tsaya bakin ƙofa ya ce, «Kawu, taka fa?» Ina kwance ina zagaya TikTok. Tun ranar wayoyi biyu ke kwana cikin kwanon. Sakamakon zangon nan bai fito ba tukuna, amma mushensa na lissafi ya ce ya bar gyangyaɗi a aji.