Makoki da Gonaki: Yadda Mutanen Yahuza Suka Rayu Bayan Rushewar Urushalima

A shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, sojojin Nebukadnezzar sarkin Babila suka fasa garun Urushalima, bayan sun kewaye birnin kusan wata 18, har yunwa ta gama galabaitar da mutanen ciki. Sarki Zadakiya ya gudu da dare, amma aka kama shi a filayen Yariko, aka kai shi Ribla. A can aka yanka 'ya'yansa maza a gabansa, sa'an nan aka ƙwaƙule masa idanu. Wata guda bayan haka Nebuzaradan, shugaban matsaran sarki, ya ƙone Haikalin da Sulemanu ya gina, wanda ya yi fiye da shekara 350 a tsaye. Tun a shekara ta 597 an riga an kwashe Sarki Yehoyakin da fādawa da masu sana'a, mutum 10,000 bisa ga 2 Sarakuna 24. Yanzu kuma aka tasa ƙeyar mafi yawan waɗanda suka ragu, aka bar talakawa su yi noma.

A lokaci guda mutanen nan sun rasa 'yan'uwa, da gidaje, da sarauta, da wurin sujada. Al'ummai da yawa da irin wannan masifa ta auka musu sun narke cikin waɗansu, sunansu ya ɓace. Yahudawa kuwa suka rayu da bangaskiyarsu. Ya kamata ikkilisiyar da ke cike da gwauraye da marayu da waɗanda aka kora daga ƙauyukansu ta duba yadda hakan ya faru.

Ba duka ne suka bi hanya mai kyau ba. Isma'ilu ɗan Netaniya, wanda yake daga gidan sarauta, ya kashe Gedaliya a Mizfa, mutumin da Babilawa suka naɗa ya kula da sauran jama'a. Tsoron abin da zai biyo baya ya sa ragowar mutane suka tsere zuwa Masar, suka tafi da Irmiya, ko da yake ya gargaɗe su kada su tafi. A can waɗansunsu suka koma ƙona turare ga wadda suke kira sarauniyar sama, suna cewa tun da suka daina yi mata hidima ne wahala ta same su. A Babila kuma, Ezekiyel ya tarar da masu ɗora dukan laifi a kan kakanninsu. Ramuwa, da gudu, da komawa ga tsafi, da neman wanda za a zarga, duk an gwada su, ba kuwa wadda ta warkar da kowa.

Abin da ya fara taimakonsu shi ne kuka a fili. Sa'ad da Ezekiyel ya isa wurin 'yan bauta a Tel-abib, a bakin Kogin Kebar, ya zauna tare da su kwana 7 cikin ruɗewa kafin a ba shi abin faɗa. Littafin Makoki kuma waƙoƙi 5 ne da ba su ɓoye kome ba. Sun ambaci yara suna suma don yunwa a tituna, da mata da aka ci wa mutunci, da firistocin da aka kashe a wuri mai tsarki. Mawaƙin ya kai ƙararsa gaban Allah kai tsaye, har ya ce Ubangiji ya zama musu kamar maƙiyi. Duk da haka aka ajiye waɗannan kalmomi cikin Littafi Mai Tsarki.

Akwai wani abu a tsarin littafin da ba ya fitowa a fassara. A Ibrananci, waƙoƙi 4 na farko suna bin jerin haruffa 22 na harshen, daga na fari zuwa na ƙarshe. Shi ya sa sura ta 1 da ta 2 da ta 4 suke da ayoyi 22 kowace, sura ta 3 kuwa tana da 66, ayoyi 3 ga kowane harafi. Wanda aka yi wa babban rashi ya san yadda tunani yake jujjuyawa da dare ba mafari ba iyaka. Jerin haruffan nan ya ba mai makoki wurin farawa da wurin tsayawa, ya faɗi kome har ya ƙare, ya huta. A tsakiyar sura ta 3 ne kawai maganar jinƙan Allah da amincinsa ta ɓullo, bayan doguwar ƙara. Littafin ma bai rufe da murna ba, ya rufe da roƙo da fargabar ko Allah ya yashe su ɗungum. Saboda haka a majami'un Yahudawa akan maimaita aya ta 21 ta sura ta 5 bayan an karanta ta ƙarshe.

Sai kuma batun gaskiya game da tsawon wahalar. Bayan kwasar farko, wani annabi mai suna Hananiya ya yi shela a Haikali cewa cikin shekara 2 za a komo da sarki da kayan sujada. Magana ce mai daɗin ji. Irmiya kuwa ya aika wasiƙa zuwa Babila ya ce zaman zai kai shekara 70. Ya shawarce su su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su kuma yi masa addu'a. Shi kansa, sa'ad da yake tsare, sojoji kuma suna kewaye da birni, ya sayi gona a Anatot da shekel 17 na azurfa, ya sa aka adana takardun cinikin cikin tulun yumɓu domin su daɗe.

Binciken tarihi ya nuna cewa haka rayuwa ta gudana. A kangon birnin Babila an tono allunan yumɓu da ke lissafa rabon mai da ake ba Yehoyakin sarkin Yahuza da 'ya'yansa 5, aka kuwa buga fassararsu a 1939. Akwai kuma alluna kusan 200 da suka shafi wani gari da ake kira Al-Yahudu, wato garin Yahuza, da ƙauyukan kewayensa, mafi tsufa a cikinsu na shekara ta 572 ne. Abin da ke rubuce a kansu shi ne hayar gona, da bashin sha'ir da dabino, da haraji, da aure. Sunayen mutane da yawa a ciki suna ɗauke da sunan Allahn Isra'ila. Wato shekara 14 bayan gobarar, mutanen suna noma, suna ciniki, suna raɗa wa 'ya'yansu sunan da zai tuna musu da wanda suke bauta wa.

Ba su kuma yarda mantuwa ta ci abin da ya faru ba. Zakariya 8 ya ambaci azumin wata na 4, da na 5, da na 7, da na 10, waɗanda al'adar Yahudawa ta danganta da fasa garu, da ƙona Haikali, da kisan Gedaliya, da farawar kewaye birnin. Baƙin cikin ya sami ranakunsa a shekara, ana ɗaukarsa tare, sauran kwanaki kuwa a tafi gona. Har wa yau, a rana ta 9 ga watan Ab, Yahudawa sukan yi azumi, su zauna a ƙasa ko a gajerun kujeru, a karanta Makoki.

A shekara ta 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, ya kuma ba da izinin komawa. Ezra 2 ya lissafa mutum 42,360. Sa'ad da aka kafa harsashin sabon Haikali, jama'a suka yi sowa, amma tsofaffin da suka ga na fari suka fashe da kuka, har ba a iya rarrabe muryar murna da ta kuka. Shekara 50 ke nan bayan rushewar, tabon yana nan. Marubucin bai tsawata wa tsofaffin ba, ya rubuta muryoyin biyu tare. An gama ginin a shekara ta 6 ta mulkin Dariyus, wajen 515.

'Yan'uwa, mu mutanen haƙuri ne, kuma haƙuri abu ne mai daraja. Sai dai sau da yawa mukan yi gaggawar cewa mai makoki ya share hawaye, kamar dai kuka alamar ƙarancin bangaskiya ne. Waɗansu kuma, kamar Hananiya, sukan yi wa mai ciwo alkawarin da Allah bai yi ba, idan lokacin ya wuce kuma ba a ga kome ba, sai a bar shi da rashi biyu. Ubangijinmu Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, ya kuma yi kuka saboda Urushalima ɗin nan, wadda Romawa suka sake rushewa a shekara ta 70.

Saboda haka idan ka je ta'aziyya, ka zauna tukuna, ka bar mai rashi ya faɗi abin da ke ransa, ko da maganar ta yi maka nauyi. Idan 'yan gaisuwa sun watse, a nan aikin ikkilisiya yake farawa: iri da taki ga wanda ya rasa gonarsa, jari ga gwauruwa, kuɗin makaranta ga maraya. Wanda barci ya ƙaurace masa wata da watanni, ko yake firgita da dare, a raka shi wurin ma'aikatan lafiya, a ci gaba da addu'a tare da shi. Dattawa da zumuntar mata su rubuta ranakun da iyalai suka yi rashi, domin idan shekara ta zagayo a sami wanda zai ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Ya Ubangiji, kai da ka ji kukan bayinka a bakin kogunan Babila, ka ji na masu makoki a cikinmu. Ka koya mana zama tare da su har ranar da za ka share dukan hawaye. Amin.