Gyaran Jikin Doki a Bargar Sarakunan Hausa

Gyaran jikin doki tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, ta taso ne tare da sarauta da yaƙi. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Dokin da aka lulluɓe da lifidi yana jiƙewa da gumi, mataccen gashi da ƙura su cakuɗe a ƙarƙashin sirdi, su ci fata har miki ya buɗe. Dokin da bayansa ya yi miki kuwa ba ya hawuwa, ko da an saye shi da tsada daga Barno ko Azbin. Saboda haka aikin yaran barga bai taɓa zama na ado kawai ba.

A fadar Kano, Shamaki ke kula da bargar sarki, kuma yana cikin manyan bayin sarki masu faɗa a ji. A ƙarƙashinsa akwai masu yankan ciyawa, da masu shayarwa, da masu wanka da goge jiki. Ana goge doki bayan an sauke sirdi, a bi kwanciyar gashi daga wuya zuwa gindi, a tsefe geza da wutsiya, a cire kaska daga kunnuwa da matsematsi. Gugar nan tana fitar da gashin da ya riga ya mutu, tana kuma baje maiƙon da fata ke fitarwa da kanta, shi ne ƙyallin da ake gani a jikin akawal ko kili ranar hawa. Aikin ya fi yawa idan hunturu ya wuce, lokacin da fata ta bushe, gashi ke zuba.

Masu barga sun daɗe da sanin cewa gashi daga ciki yake gyaruwa. Shi ya sa ake ba doki dawa ko gero, da dusa, da harawar wake, a haɗa masa da kanwa. Idan gashi ya dusashe ko ya fara tsigewa wuri-wuri, abinci ake fara dubawa, sannan a nemi kirci.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, dokin yaƙi ya koma dokin hawan Sallah, da sukuwa, da folo, wasan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya kafa a garinsa. Burushi da sabulu da magungunan likitan dabbobi suka shiga barga, amma tsarin aikin bai sauya ba. A 2024 UNESCO ta sanya hawan dabar Kano cikin al'adun duniya da ake tattalinsu, kuma kowane doki da ke fita hawan Daushe sai ya bi ta hannun yaran barga tukuna.